Mudun Saye da Mudun Sayarwa: Yadda Ake Auna Laifin Wani da Na Kai

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar cewa tallafin man fetur ya ƙare, akwai kalmar da ba ta huta ba a majalisun Zariya, wato munafunci. A teburin mai shayi a Tudun Wada, a wurin jiran mota a Kwangila, a zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, da zarar an taɓo tsadar rayuwa sai wani ya tono wanda ya yi zanga-zangar cire tallafin mai a 2012 amma ya yi gum yanzu. Shi kuma sai ya tono wanda ya yi gum a 2012 amma yake kumfar baki yanzu. Abin bai tsaya a siyasa ba. Ko bidiyon wani ne ya fita, ko auren wata ya mutu, ko aka kama ɗan wani da satar amsa, kalmar dai ita ce. Kowa na jifan kowa da ita, har ta kai ba a san takamaiman abin da ake zargin mutum da shi ba.

Ruɗanin yana da dalili. Abubuwa daban-daban ne ake tarawa a ƙarƙashin suna ɗaya, alhali hukuncinsu a addini ba ɗaya ba ne, ɓarnarsu a cikin jama'a ma ba ɗaya ba ce.

Kalma ɗaya, ma'ana huɗu

Asalin kalmar Larabci ce, nifaƙi, kuma malamai sun kasa shi gida biyu. Akwai nifaƙin aƙida, mutum ya bayyana imani ya ɓoye kishiyarsa, irin na Abdullahi bin Ubayyu da jama'arsa a Madina, waɗanda aka saukar da sura guda da sunansu. Shi ne Musa a baki, Fir'auna a zuci. Wannan al'amarin zuciya ne, ba wanda yake da ikon yanke wa wani hukuncinsa. Sai nifaƙin aiki, wanda hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim ya ba da alamominsa uku: in ya yi zance ya yi ƙarya, in ya yi alkawari ya saɓa, in aka ba shi amana ya ci. Wannan zunubi ne, amma ba ya fitar da mutum daga Musulunci.

Ma'ana ta uku ta bakin titi ce. In an ce wane munafuki ne a unguwa, yawanci annamimi ake nufi, mai ɗaukar zance nan ya kai can, ya je wa waɗannan da fuska ɗaya, ya je wa waɗancan da wata.

Ta huɗu ita ce wadda ake nufi a mafi yawan muhawarar yau, kuma ita ce ba ta da tsayayyen suna. Duk wanda ya saba shiga layin 'yan awo a kasuwar Sabon Gari ko ta cikin birni ya san labarin ɗan kasuwar da yake da mudu biyu. Ɗaya mai zurfi, shi yake fitarwa in manomi ya kawo masara. Ɗayan an ɗan buga gindinsa ya shige ciki, shi yake fitarwa in mai cefane ya zo. Suratul Muɗaffifin, sura ta 83, da wannan ta buɗe: bone ya tabbata ga masu tauye awo, waɗanda in za su karɓa daga mutane suna cikawa, in za su auna musu sai su rage. Masu wa'azi sun daɗe suna faɗaɗa ayar zuwa mu'amala gaba ɗaya. Mai mudu biyu a harkar ɗabi'a shi ne wanda hukuncinsa a kan aiki yake canzawa da zarar sunan mai aikin ya canza.

Akwai kuma abin da ake yawan cusawa cikin jerin nan alhali ba ya ciki, wato rauni. Uban da ke shan taba amma yake hana ɗansa, ya san taba cuta ce gare su duka biyun. Mudunsa ɗaya ne, ya dai kasa cika shi. Haka wanda ya yi laifi ya rufa wa kansa asiri. Hadisi ingantacce ya ce ana yi wa al'umma afuwa sai masu bayyana saɓonsu, wanda Allah ya suturta da dare ya wayi gari yana ba da labari. Saboda haka ɓoye zunubi ba shi ne munafunci ba. Inda ake ƙetare iyaka shi ne mutum ya nemi sutura ga kansa, ya hana wa wanda ya yi irin laifinsa.

Harshe ya riga ya tanadi mudun biyu

Mafi yawan masu wannan hali ba su san suna yi ba, domin kusan kowane aiki yana da suna biyu a Hausa, na gida da na waje.

Zariya garin makarantu ne. Jami'ar Ahmadu Bello kaɗai, tun kafa ta a 1962, ta mai da neman gurbin karatu wani zango na shekara da kowane gida ya sani. A irin wannan lokaci, a kowace makaranta a ƙasar nan, wanda ya nemi wani babba ya sa baki don ɗansa ya shiga, alfarma ya nema. In ɗan maƙwabci ne ya shiga ta wannan hanya aka bar nasa, to ƙasa ta lalace, sai wa-ka-sani wa-ya-san-ka. Abin da muka miƙa a ofis na goro ne, ko ihsani. Abin da wani ya miƙa cin hanci ne. Namu tsimi, nasa rowa. Namu dabarar kasuwa, nasa algus. In ɗanmu ya faɗa wa babba magana, ba ya tsoron faɗin gaskiya. In ɗan wani ne, ba a ba shi tarbiyya ba. Ɗan siyasar da ya sauya sheƙa zuwa jam'iyyarmu ya gane gaskiya ya dawo gida. Wanda ya bar mu ya ci amana, cikinsa ya bi. A garin da kusan kowace fahimta ta addini take da malamai da mabiya, tuntuɓen harshen malaminmu ijtihadi ne, ko an yanke maganarsa ba a kawo ta cikakkiya ba. Na malamin wasu kuwa, shi ne hujjar ɓatansu.

Mafi ciwo a cikin jerin shi ne na 'ya mace. In abin kunya ya faru a gidan mutum, ƙaddara ce ta faɗa wa yarinya. In a gidan wani ne, dama an san halin gidan.

Daga ina abin yake tasowa

Dalili na farko ba mugunta ba ce, bambancin sani ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutum ya san uzurinsa, da niyyarsa, da matsin da yake ciki. Na wani kuwa aikin kawai yake gani. Direban da ya sha gabanka a shataletalen PZ mahaukaci ne. Ranar da kai ka sha gaban wani, mara lafiya ne ke jiranka a asibitin Shika. Masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Edward Jones da Richard Nisbett, sun bayyana wannan a 1971: mai aiki yana danganta aikinsa ga yanayi, mai kallo yana danganta shi ga hali. A 2006 wani masani, Bertram Malle, ya tattara bincike 173 da aka yi a kan batun, ya gano cewa bambancin ba shi da ƙarfi a ko'ina kamar yadda aka ɗauka. Inda yake fitowa sosai shi ne in aikin mummuna ne. Wato ba ƙarancin sani kaɗai ba ne, akwai kare kai a ciki.

Gwajin da ya fi fito da kare kan nan shi ne na Daniel Batson da abokan aikinsa a Jami'ar Kansas a 1997. An ce wa kowane ɗalibi ya raba aiki biyu tsakaninsa da wani da ba ya gani, ɗaya mai damar samun kyauta, ɗayan mai gundura ba ko sisi. An ajiye masa kwabo, an nuna masa cewa mafi yawan mutane suna ganin jefa kwabo shi ne adalci, aka bar shi shi kaɗai. Kusan rabinsu sun jefa. Da adalci aka bi, rabin waɗanda suka jefa ne za su sami aiki mai daɗi. Amma wajen tara cikin goma ne suka ba kansu shi. Sun so a ce sun yi adalci, ba su so biyan kuɗinsa ba. A 1999 aka sake gwajin da madubi a gaban mutum yana kallon fuskarsa, sai sakamakon masu jefa kwabon ya koma rabi da rabi.

A 2007 Piercarlo Valdesolo da David DeSteno suka ƙara wani abu. Mutane sun ɗauki son kan da suka yi a matsayin mai sauƙi, sun tsananta a kan irinsa in wani ya yi. Da aka raba su rukuni biyu ba bisa wani dalili mai nauyi ba, sai suka riƙa yi wa ɗan rukuninsu sassaucin da suke yi wa kansu. A 2008 suka shagaltar da wasu da haddar lambobi yayin da suke yanke hukunci, sai ga shi sun auna laifinsu daidai da na wani. Abin da wannan ke nunawa shi ne zuciya ta san laifi ne tun farko, tunani ne ke zuwa daga baya ya ƙera uzuri. Ɗaliban jami'a ne a Amurka aka yi wa waɗannan gwaje-gwaje, kuma ba su da yawa, don haka ba a gina katanga a kansu. Sai dai Bahaushe ya riga ya faɗi sakamakon tun kafin a yi su: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Akwai dalilan da suka fi kusa da gida. Zumunci yana hana mutum tona nasa, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sama da wannan akwai dogaro. A inda aikin ɗanka, da belin ƙaninka, da kuɗin asibitin matarka suka rataya a wuyan wani ubangida, sukarsa tana da tsada. Sukar ɓarawon akuya kuwa kyauta ce. Mutane da yawa da ake kira munafukai a majalisa lissafi suke yi, sun san inda za su iya ɗaga murya da inda ba za su iya ba.

Man fetur da afuwar gwamnoni

Ranar 1 ga Janairu, 2012, gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki, garuruwa suka tsaya cik, bayan mako biyu aka sauko da ita naira 97. 'Yan adawa na lokacin, har da Tinubu, sun soki matakin da kakkausan harshe. A Mayun 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta kai lita naira 145, kuma Arewa ba ta yi hayaniyar 2012 ba. A 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta wuce 600 kafin ƙarshen Yuli.

Masu zargi suna cewa mataki ɗaya ne, sunan shugaba ne kawai ya canza. Masu kare gwamnati suna cewa yanayi ne ya canza: a 2012 gangar ɗanyen mai ta haura dala 100, a 2022 tallafin ya ci fiye da naira tiriliyan 4, dokar man fetur ta 2021 ta riga ta tanadi sakin farashi, kuma 'yan takara uku da suka fi samun ƙuri'a a 2023 duk sun yi alkawarin cirewa. Wannan hujja ce da za a iya aunawa, domin sauya ra'ayi bayan an ga sabon dalili ba mudu biyu ba ne. Sai dai wanda ya sauya da gaske yakan iya cewa ya yi kuskure a da, ko ya nuna abin da ya canza. Kaɗan ne suka yi hakan, a ɓangarorin biyu. Ɗaya ɓangaren ma yana da tasa tambayar: waɗanda suka kira cire tallafi jarumta a 2012, me ya mai da shi zalunci a 2023?

Afuwa ma haka. Sashe na 175 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa ikon yafe wa wanda kotu ta kama da laifi. A Maris 2013 Jonathan ya yi wa tsohon gwamnan Bayelsa, Diepreye Alamieyeseigha, afuwa, mutumin da ya taɓa yi wa mataimaki. A Afrilun 2022 gwamnatin Buhari ta yi wa Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, waɗanda aka ɗaure a 2018 kan kuɗin jihohinsu. Duk wanda ya ajiye jaridun lokutan biyu zai ga kusan kalmomi iri ɗaya na suka da na kariya, bakunan da ke furta su ne suka yi musaya.

Mace da namiji, mai gata da maras gata

A nan ne mudu biyu ya fi nauyi, kuma a nan ne nassi ya fi fitowa fili. Aya ta 2 a Suratun Nur ta ambaci mazinaciya da mazinaci tare, bulala ɗari ga kowanne. Al'ada kuwa ta raba. Saurayin da aka san shi da yawo, in ya yi aure an ce ya natsu, ƙuruciya ce. Budurwar da aka yi wa ko da zargi, maganar tana bin ta har ɗakin miji, wani lokaci har kan ƙannenta. Namijin da ya saki mata uku yana neman ta huɗu ba tare da an tambaye shi ba. Macen da ta fito sau biyu an ce ba ta iya zaman aure.

Shari'ar Amina Lawal ta faru ba nisa da nan. A Maris 2002 kotun shari'a a Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa saboda ta haihu bayan aurenta ya mutu. Mutumin da ta ambata ya musanta, ya rantse, ba shaidu huɗu, aka sallame shi. Kotun Funtuwa ta tabbatar da hukuncin a Agusta, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke shi a Satumbar 2003. Masu suka sun ce duk tsarin da ciki yake zama shaida a cikinsa mace zai kama, namiji ya tsira, tunda shi ba ya ɗaukar ciki. Masu kariya sun ce sharaɗin shaidu huɗu kariya ce ga kowa, kuma da hujjojin mazhabar Malikiyya aka wanke ta, ciki har da damar janye iƙirari, da ra'ayin cewa ciki yana iya kwanciya har shekara biyar bayan saki. Duka maganganun biyu suna da tushe. Abin da ba a musu a kansa shi ne wata goma sha takwas da ta yi da hukuncin kisa a wuyanta, shi kuma yana gida.

Game da gata kuwa, hadisin Nana A'isha a Bukhari da Muslim ya kawo labarin matar Banu Makhzum da ta yi sata. Ƙuraishawa suka damu saboda darajar gidansu, suka tura Usama bin Zaidu ya nema mata alfarma. Annabi (SAW) ya ce abin da ya halaka waɗanda suka gabata shi ne in babba ya yi sata a cikinsu sai su ƙyale shi, in mai rauni ya yi sai su tsayar masa da haddi, ya kuma rantse cewa ko Faɗima 'yarsa ce da an yanke hannunta. Kusan kowane ɗan Islamiyya ya haddace wannan. A kasuwa kuwa, yaron da aka yi wa ihun ɓarawo saboda waya yana iya rasa ransa kafin 'yan sanda su iso, wanda ake tuhuma da kuɗin jama'a kuma ana ba shi sahun gaba a ɗaurin aure.

Malamai ma ba su tsira daga wannan suka ba, kuma ba baƙo ne ya fara yi musu ita ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albabi ya soki malaman ƙasar Hausa da suke karantar da almajiransu safe da yamma, suka bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ya ce karantarwar tasu riya ce da neman suna, domin ilimantar da iyali shi ne wajibin da ya fara hawa kansu.

Shin mai laifi yana da bakin magana?

A nan ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare yana da abin riƙewa.

Na farko ya ce mai dokar barci da ya ɓuge da gyangyaɗi ya yi shiru. Suna kafa hujja da aya ta 44 a Baƙara, wadda ta zargi masu umartar mutane da alheri suna mance kansu, da ayoyi na 2 da 3 a Suratus Saffi a kan faɗin abin da ba a aikatawa. Akwai kuma hadisin mutumin da za a jefa a wuta hanjinsa ya zubo yana kewaya shi kamar jaki a dutsen niƙa, domin yana umarni da alheri ba ya yi, yana hani da mummuna yana aikatawa. Hausawa Kirista na Wusasa suna da makamancin wannan a Linjilar Matiyu, sura 7: mutum ya fara cire gungumen da ke idonsa kafin ya nemi ɗan hakin da ke idon ɗan'uwansa.

Na biyu ya ce an fahimci ayoyin a karkace. Ibn Kasir a tafsirin ayar Baƙara ya bayyana cewa umarni da alheri wajibi ne, aikata shi ma wajibi ne, barin ɗaya ba ya kayar da ɗayan. Abin zargin shi ne mance kai, ba yin umarnin ba. Ya kawo maganar Sa'idu bin Jubair cewa da sai wanda ba shi da aibi ne zai yi umarni da hani, da ba wanda zai yi, kuma Imam Malik ya gaskata shi.

Wani bincike da Jillian Jordan da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Yale a 2017 ya nuna inda ra'ayoyin biyu suke haɗuwa. Sun gano cewa abin da ke ba mutane haushi ba saɓanin magana da aiki ba ne shi kaɗai. Wanda ya soki wani a bainar jama'a yana aika saƙon cewa shi ba ya yi, ya ci ribar mutunci da ƙarya. Da mai sukar ya amsa cewa shi ma yana faɗawa cikin laifin, sai haushin ya ragu ƙwarai. Wannan ya yi daidai da abin da ake gani a unguwa: dattijon da ya ce wa matasa kada ku bi hanyar da na bi, ana saurarensa.

Sai martanin da ya fi kowanne yawa a muhawara, wato "kai ma ai ka yi". Ta fuskar hujja, wannan ba ya wanke kowa. In ɓarawo ya ce wane ya yi sata, kasancewarsa ɓarawo ba ta mai da kayan hannun mai su ba. Amfaninsa ɗaya ne, yana nuna ko za a iya ba mai maganar amanar zartar da hukunci. Matsalar ita ce yadda ake amfani da shi: a rufe zance, kowa ya riƙe laifin wani a matsayin garkuwa, a tashi ba a tattauna aikin da ya jawo maganar ba.

Kuma ba kowane bambancin hukunci ne son zuciya ba. Yaro ba daidai yake da babba ba, jahili ba daidai yake da malami ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa. Shugaban da ya ci amanar miliyoyi ba a auna shi da masinjan da ya ɓoye canji. Abin lura shi ne inda wannan bambanci ya fuskanta. Na shari'a da hankali yana ƙara nauyi a kan mai sani da mai iko, ya rage wa mai rauni da mai uzuri. Mudu biyu yana tafiya ta kishiyar wannan. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta umarci a tsayar da adalci ko a kan kai, ko iyaye, ko dangi, mawadaci ne ko matalauci. Aya ta 8 a Ma'ida ta rufe ɗaya ƙofar, kada ƙin wasu mutane ya sa a ƙi yi musu adalci.

Abin da ke sauka a kan talaka

Illa ta farko ita ce doka tana rasa kwarjini. Wanda ya ga an ƙyale babba ba ya ɗaukar kamun da aka yi masa a matsayin hukunci, yana ɗaukarsa rashin gata. Darasin da yake koya shi ne ya nemi ubangida, ba ya daina ba. Yara ma haka suke karanta gida. Uban da ke tsine wa ɓarayin gwamnati da dare, ya biya kuɗin a taimaka wa ɗansa a ɗakin jarrabawa da safe, ya riga ya gaya wa yaron wanne ne zance, wanne ne rayuwa.

Ta biyu ita ce talakawa suna rasa murya ɗaya. Farashin mai bai tambayi jam'iyyar mai keke Napep ba, amma in kowane ɓangare yana jiran sai nasa ba ya kan mulki kafin ya koka, kullum rabin jama'a ne ke magana, ɗaya rabin yana kare abin da ke cin aljihunsa.

Ta uku ta shafi mutunci, kuma waya ta ƙara mata gudu. A da gulma tana tsayawa a zaure ko bakin rijiya. Yanzu hoto ɗaya yana zaga Facebook da TikTok kafin azahar, ba ya kuma gogewa. Shari'a ta tsaurara a nan. Aya ta 4 a Suratun Nur ta sa bulala 80 a kan wanda ya yi ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba, aya ta 12 a Hujurati ta hana zato da bin diddigi da gulma, kuma a cikin Muwaɗɗa an ruwaito Annabi (SAW) ya ce wa Hazzal, wanda ya tura Ma'izu ya je ya yi iƙirarin zina, da ya suturta shi da mayafinsa da ya fi masa alheri. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki shi ma ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. Mutane da yawa da ke tura irin waɗannan hotuna su ne za su fara neman a rufa asiri ranar da abin ya zo gidansu. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Masu turawa kuma suna ɗaukar kasada ta doka da ba kowa ya san da ita ba. Ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code da kotunan Arewa ke aiki da ita, ana kuma iya neman diyya. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya daɗe ana kama mutane da shi kan rubutun da aka ce cin zarafi ne. Kotun ECOWAS ta yanke cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka gyara shi a 2024 aka taƙaita shi ga saƙon batsa da saƙon ƙarya da aka aika don ta da hankalin jama'a ko barazana ga rai. Ƙungiyoyin 'yan jarida suna cewa har yanzu masu iko suna amfani da shi a kan masu sukarsu. A aikace, wanda ke da lauya da lambar babban jami'i yana iya sa a ɗauko wanda ya zage shi cikin kwana ɗaya. Bazawarar da aka yaɗa hotonta a zauren unguwa kuwa, yawanci iyakarta a haɗa ta da mai unguwa, a ce mata ta yi haƙuri.